Koren Ruwa a Rabin Duro

A Unguwar Dorawa, wani ƙauye da ke gefen Kunci, in yaro ya ƙi jin magana ba a ce masa ga dodo nan, cewa ake ga Muntaka nan. Muntaka direba ne, mai wata tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal, kuma duk wanda ya san shi ya san hannunsa yana riga bakinsa magana. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, wuyansa kamar na turmi. Bai iya doguwar gardama ba. In ka faɗi ɗaya ya faɗi ɗaya, ta ukun a kumatunka za ka ji ta.

Ba haka aka haife shi ba, in ji tsofaffi, ko da yake tsofaffi sun iya gyara wa mutum yarinta. Yana ɗan saurayi mahaifinsa ya kai shi Bacirawa wurin wani mai mota ya koyi tuƙi. Ubangidan nasa da tsohon fanbel, wato ɗamarar robar inji, yake koyarwa. Ka manta duba mai, fanbel. Ka taka burki da ƙarfi, fanbel. Ka tambayi dalili, fanbel har sau biyu. Muntaka ya shanye wannan duka shekara da shekaru, ya dawo gida da lasin a aljihu da tabo a gadon baya, kuma ya dawo da imanin cewa haka ake sa duniya ta yi daidai. A tashar Kunci ya zubar wa wani ɗan kamasho haƙoran gaba saboda an tsallake layinsa. Ya taɓa ɗaga wani mai buhunan gero cak ya jefar a kwalbati don ya ce motar tana wari. Matarsa Huseina kuwa, uwar 'yarsa Tahira, baiwar Allah, ta koyi karanta fuskarsa tun daga zaure, ta san ranar da ake magana da ranar da ake ajiye tuwo a koma ɗaki. Ban faɗi wannan don in yabe shi ba. Mugun hali ne, kuma kowa ya sani, tsoro ne ya hana a gaya masa.

Mutum ɗaya ne tak a duniya bai taɓa ɗaga wa hannu ba, shi ne Nathan, maƙwabcinsa na bayan danga. Gidansu Nathan Maguzawa ne na asali, tun zamanin kakansa suka shiga coci. Lokacin da aka haifi Muntaka, innarsa ta kwanta ciwo nononta ya ƙafe, sai uwar Nathan, wadda ke goyo a lokacin, ta haɗa su biyu ta shayar. Nono ɗaya suka sha, kuma Muntaka bai taɓa mantawa ba. Nathan dogo ne siriri, ga dariya ga tsokana, sana'arsa feshin maganin ciyawa da na ƙwari a gonakin mutane. Shi kaɗai ke iya shiga tsakani in Muntaka ya shaƙe wani, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba ɗan Inna, sake shi haka nan," kuma a sake. Mutane kan ce ranar da babu Nathan, Muntaka gidan yari zai ƙare. Shi ma ya san haka. Ba shi da wani aboki, ba shi da mai yi masa dariya, Nathan ne iyakar arzikinsa na mutane.

To, sai maganar ruwa. Wanda bai zauna a ƙauyen nan da bazara ba ba zai gane darajar ruwa ba. Rijiya takan ja baya har guga ya riƙa dawowa da laka, mata su yini a bakinta. Saboda haka ba a zubar da ruwa a ƙasa, ko wane iri ne. Na wanke hatsi, na ɗaurayar kwano, na alwala, duk akwai inda ake tara su: wani rabin duro da ke ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidan Muntaka, inda dabbobin gidan ke sha. Shi ma Muntaka, duk lokacin da zai sauya ruwan lagireto, wato tukunyar ruwan da ke gaban mota tana sanyaya inji, sai ya tara bokiti a ƙasa, ya kwance tiyo, ya juye abin da ya fito a duron nan. Ruwan rijiya ne da ɗan tsatsa, dabbobi sun sha shi shekaru babu wanda ko tari ya yi. A nan ne shanun huɗarsa biyu ke sha, fari da ja, waɗanda ya tara da gumin motar nan, yake ji da su fiye da yadda yake ji da wasu 'yan'uwansa.

Matsalar ita ce ruwan rijiyar zartsi ne. A hankali ya ci cikin lagireton, ya toshe hanyoyinsa da wani farin gishiri, motar ta fara zafi. Ba ta yin nisa sai tururi ya turnuƙe bonet, fasinjoji su sauka suna salati, Muntaka yana dukan taya da ƙafa kamar tayar ce ta yi masa laifi. Daga ƙarshe ya kai ta garejin Basiru a Kunci. Basiru bakanike ne mai sanyin magana, ya wanke lagireton tas, ya ce daga yau a daina ba ta ruwan rijiya, akwai ruwan da aka yi musamman don wannan aiki, kulan ake ce masa, yana hana tsatsa kuma ba ya saurin tafasa. Ya nuna masa galan biyu, ɗaya kore shar, ɗaya ja kamar zoɓo. Ya ce tsohon inji irin nasa kore ya fi dacewa da shi, amma duk wanda ya zaɓa ya tsaya a kansa, kada ya kuskura ya haɗa su. Muntaka ya ɗauki kore yana ƙunƙuni cewa yanzu har mota ta fara zaɓen abin sha.

Motar kuwa ta ji daɗi. Duk rani ya yi ta jigilar gyaɗa da awaki, allurar zafi ba ta ko motsa ba. Sai wata ranar kasuwa, a hanyar dawowa daga Rimin Gado, tiyo ya tsage ruwa ya ragu. Ya ɗaure wurin da robar tayar keke, ya shiga shagon da ya samu, babu kore sai ja. Ya tuna maganar Basiru sarai, amma ya ce ruwa ai ruwa ne, launi na mata ne. Ya tuttula ja a kan kore ya kama hanya.

Ba a jima ba motar ta koma gidan jiya. Da Basiru ya buɗe murfin lagireton ya tsoma tsinke, sai ga wani abu mai kauri ya biyo shi, launin ƙasa-ƙasa, kamar kunun da ya kwana. Ya tambaya a hankali ko an haɗa. A gaban mutane ya tambaya, kuskurensa ke nan. Muntaka ya ce shi za a mayar yaro? Basiru ya ce ba haka ba ne, abin da ake bukata kawai a zubar da shi duka, a ɗauraye, a zuba sabon kore, kuma in an tashi zubarwa a kula sosai domin wannan ruwan... Bai ƙarasa ba. Mari ya same shi a kunne, ya faɗa kan tulin tsofaffin tayoyi, jini yana bin wuyan rigarsa. Muntaka ya ce zai yi aikinsa da kansa, ba yau ya fara kwance tiyo ba. Ya sayi sabon galan na kore a shagon gefe ya tafi. Abin da Basiru ya so faɗa shi ne ruwan nan guba ne, ga shi da zaƙi, dabba in ta ɗanɗana ba ta ɗaga kai. Amma wa zai bi mai mari da nasiha? Ya dafe kunnensa ya koma bakin aikinsa.

Da la'asar Muntaka ya ajiye motar ƙarƙashin darbejiya, ya jira ta huce, ya tara bokiti, ya kwance tiyon ƙasa. Sabo turken wawa. Hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru ba tare da ya nemi shawarar kansa ba: ya ɗauki bokitin ya juye a rabin duro. Ya ɗauraye lagireton da ruwan rijiya, shi ma ya juye a can. Ya bar tiyon a kwance don ya tsane, da niyyar da safe ya ɗaure ya zuba sabo. Huseina ta fito juye ruwan wanke-wanke a duro ta ga ruwan duron ya sauya launi, ga ƙudan zuma sun yanyame bakinsa. Ta dubi fuskar mijinta, ta ga irin ranar ce, ta juya ta koma ciki. Da shanu suka dawo daga kiwo da ƙishirwar bazara, suka kafa kai, ba su ɗaga ba sai da suka lashe ƙarfen.

Washegari da sassafe farin sa ya kasa tsayuwa daidai. Yana tangaɗi, yana karo da turke, yawu na dalala. Jan kuwa ya durƙusa, numfashi sama-sama, idanu sun juye. Hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas kwanakin nan, kowa na gyara garma, ga shanun huɗa a ƙasa. Muntaka ya ɗura musu kanwa, ya ɗura man gyaɗa, ya yi ta kiran sunan Allah yana zagin duniya a numfashi ɗaya. Da hantsi ya ga jan zai tafi mushe, ya zaro wuƙa ya danne kansa da gwiwa ya yanka. Jini ya yi tsartuwa ya wanke masa fuska da ƙirji. Bai gama goge ido ba farin ma ya faɗi yana shure-shure, ya juya ya yanka shi. Mahaucin da aka kira ya dudduba ya ce shi ba zai taɓa naman nan ba, wannan ba ciwo ba ne, wani abu suka ci.

Wani abu suka ci. Maganar ta shiga kan Muntaka ta zauna. Wa ke da guba a unguwar nan? Wa ke da jarkoki jere a ɗaki masu kashe ciyawa da ƙwari? Sannan ya tuna cewa a makon nan shanun sun fasa dangar Nathan sun cinye masa harawar wake, Nathan ya koro su yana dariya yana cewa in suka sake dawowa zai yi musu feshi su ma. Wasa ne, irin wanda ya saba yi tun suna yara, kowa ya ji ya yi dariya har da Muntaka. Amma yau ga jini a idonsa, wasan ya sauya kama. Ya shiga mota ya ɗauko ƙarfen kwance taya. Huseina tana bakin zaure, ta buɗe baki, ya dube ta, ta rufe.

Nathan yana tsugune a tsakar gidansa yana wanke tankin feshi, matarsa Baturiya na sussukar dawa a gefe. Ya ɗago ya ga ɗan'uwansa jina-jina, ya miƙe da sauri, a zatonsa hatsari aka yi.

"Ɗan Inna, lafiya? Wa ya ji maka ciwo?"

Amsar da ya samu ke nan, ƙarfe a hannun da ya miƙo. Ƙashin ya yi ƙara kamar an karya kara. Na biyu ya same shi a haƙarƙari, ya durƙusa, yana kallon Muntaka da mamaki, bai ko kare kansa ba, don bai taɓa koyon kare kansa daga wannan mutumin ba. Na uku a gefen kai ya sauka. Baturiya ta yi kururuwa ta rafka wa Muntaka taɓarya a baya, bai ji ba, ta sake rafka masa a wuya, ya hankaɗe ta ta faɗa kan turmi. Ya ɗaga ƙarfen zai ƙara, sai ya ji an riƙe ƙafarsa.

Huseina ce. Ta biyo shi ba mayafi, ba takalmi, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Ta ƙanƙame ƙafarsa.

"Baban Tahira, kashe ni in ka ga dama, amma ruwan motarka ne. Ruwan da ka zuba a duro jiya. Awakina biyu ga su can a bayan ɗaki sun mutu, su ba su taɓa shiga gidan nan ba. Tun jiya na gani, tsoro ya hana ni faɗa."

Muntaka ya tsaya da ƙarfe a sama. Ya ga bokitin, ya ga hannunsa yana juyewa, ya ga Basiru da baki buɗe yana cewa a kula. Duk ya gani a lokaci ɗaya, kuma babu wanda zai mara a kai. Ƙarfen ya suɓuce. A ƙasa Nathan na kwance, jini na fita ta kunnensa yana shiga ƙasar tsakar gida, ƙafarsa ɗaya tana karkarwa.

Kafin ka ce kwabo gida ya cika. Samarin dangin Nathan sun fito da gatari da sanduna, wasu daga ɓangaren su Muntaka su ma sun ɗauko nasu ba tare da sun san me ya faru ba, abin yana neman ya zama wata fitinar da ta fi ƙarfin unguwa. Wani ya sauke wa Muntaka sanda a goshi, fatar ta dare, bai ko ɗaga hannu ba. Baturiya ce ta tsawatar, muryarta a dishe. Ta ce duk mai son kisa ya jira, mijinta yana numfashi, kuma mota ɗaya ce a garin nan. Ta dubi Muntaka ta ce ya tashi ya kawo ta.

Ya ruga. Ya tura tiyon ƙasa a gurbinsa, amma bai tsaya ɗaure shi ba, ya fizge murfin sabon galan ya tuttula koren ruwan a lagireto. Aka shimfiɗa Nathan a baya kan buhuna, kansa a cinyar Baturiya, ƙannensa biyu na riƙe da shi. Muntaka ya taka totur. Tun kafin su fita daga gonaki gargadar hanya ta zare tiyon, ruwan ya bi ƙasa ya tsiyaye. Ya ga allura tana hawa. Ya san ma'anarta, ya kuma san mai hankali tsayawa yake ya kashe inji. Ya waiwaya ta gilashin baya ya ga zanin Baturiya ya rine. Ya ƙara taka totur. Ƙauri ya cika motar, hayaƙi ya fara fitowa ta gefen bonet, injin yana ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma, shi kuwa yana kuka da ƙarfi kamar yaro, jinin goshinsa na shiga masa baki. Suna hango ginin asibitin Kunci injin ya yi wani gurnani ya ƙame. Ya sauko ya saɓa Nathan a baya ya ƙarasa da gudu.

Daga can aka wuce da Nathan Kano, shi kuma 'yan sanda suka wuce da Muntaka. Ya yi zamansa a tsare bai nemi beli ba, tambaya ɗaya yake yi wa duk wanda ya zo: yana da rai? Yana da rai. Nathan ya daɗe a kwance, ya tashi da hannun dama a shanye da kunne ɗaya a toshe, maganarsa ta yi nauyi, tankin feshi kuwa ya gagare shi har abada. Da ya dawo, mai unguwa ya tara liman da fasto da dattawan gidajen biyu. Dangin Nathan suka ce sai kotu. Nathan ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya ce a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, shi ya yafe, ba zai kai wanda suka sha nono ɗaya gaban alƙali ba. Da haka aka saki Muntaka. Wasu suka ce waliyyi ne, wasu suka ce dukan ne ya taɓa masa hankali. Baturiya dai ba ta yafe ba, kuma ta faɗa a gaban kowa. Ni ban ga laifinta ba.

Motar ba ta sake tashi ba, an sayar da ita ga masu gwangwan. Muntaka ya koma fartanya, yana noma gonarsa da ta Nathan, ta Nathan ma yake fara yi kafin tasa. Ya je garejin Basiru ya tsuguna ya ba da haƙuri. Ba zan ce ya zama salihi ba, har yanzu in an ɓata masa rai jijiyar wuyansa takan tashi, sai dai ya juya ya bar wurin. Huseina ta fara magana a gidanta, har takan yi masa gardama a kan gishirin miya.

Ranar da Nathan ya fara fitowa ƙofar gida shan iska, Muntaka ya zo gaishe shi. Nathan ya gan shi ya yi murmushi da rabin fuskar da ke motsi, ya ce, "Ɗan Inna, ka zo?" Daɗi ya kama Muntaka har ƙwalla ta cika masa ido, ya miƙa hannu da sauri don su gaisa. Kafin hannun ya iso, Nathan ya dunƙule, ya kare kansa da hannun hagu, ya runtse ido yana jira. Ba da niyya ya yi ba. Da ya buɗe ido kunya ta kama shi, ya yi ta ba da haƙuri, yana cewa jikin ne kawai, shi a ransa babu komai. Aka sake gwadawa wata rana, haka. Aka sake, haka.

Shekaru sun wuce yanzu, abin bai sauya ba. Kullum da yamma Muntaka yakan zo ya zauna a ƙofar gidan Nathan, can ƙarshen tabarma, su yi hirar damina da farashin taki. Tun daga bakin danga yake mayar da hannayensa baya ya harɗe su, haka yake gaisuwa, haka yake zama, har ya tashi tafiya.